Yadda Ake Zaɓar Taf da Yanka Tiredi a Ƙarfe Ba Tare da Ya Karye a Rami Ba

Duk wanda ya taɓa zama a gareji ko shagon walda ya san wannan yanayi. Kana cikin ɗaure bol, sai ka ji sufana ta yi laushi a hannunka, kana juyawa yana juyawa, ya ƙi kamawa. Tiredi, wato haƙoran da bol ke kamawa, ya cinye. Daga nan hanya biyu ce: ko a sayi sabon kaya, ko a nemo taf a yanka sabbin haƙora a cikin ramin. Taf shi ne ɗan ƙarfen nan mai kama da bol wanda aka tsaga masa kwari uku ko huɗu a jiki, gefen kowane kwari yana da kaifi, saman kansa kuma mai kusurwa huɗu ne don mariƙi ya kama. Shi ke yanka tiredin ciki. Ɗan'uwansa dayis shi ke yanka na waje, a jikin sanda. 'Yan'uwanmu na Nijar kan kira taf da sunansa na Faransanci, taro.

Abin da na koya a wannan aiki, kuma na biya kuɗin koyonsa da kyau, shi ne ramin ke zaɓar taf, ba kai ba. Kafin ka taɓa mariƙi, ka san abu uku game da ramin: wane bol zai shiga, wane irin ƙarfe ne, sannan ramin ya ɓulle ta ɗaya gefen ko yana da gindi. Mafi yawan taf ɗin da na ga an karya, tun a nan aka karya su, tun ba su shiga rami ba.

Da farko, gano tiredin

Dubi jikin taf, za ka ga rubutu kamar M8 × 1.25. Harafin M na nufin awon milimita ne, 8 kaurin bol ɗin ne, 1.25 kuwa tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙori. Wannan lamba ta biyu ita mutane ke rainawa, ita ce kuma take kunyata su. Bol mai kauri ɗaya yana iya zuwa da tazara iri biyu ko uku. M10 na yau da kullum tazararsa 1.5 ce, amma motocin Japan sun fi amfani da M10 × 1.25. A taya ma haka: Toyota da Honda M12 × 1.5 suke sa wa, Nissan kuwa M12 × 1.25. Da ido kusan ɗaya ne. In ka sa na wannan a ramin wancan, zai shiga zagaye biyu lafiya lau, a na uku ya cije, in ka matsa masa ya tafi da haƙoran duka.

Kada kuma ka auna bol da lambar sufana. Wannan kuskure ya yi yawa a wurinmu, sai ka ji an aiki yaro ya sayo taf na sha biyu alhali sufana sha biyu ake nufi. Bol M8 na Japan kansa sufana 12 yake ɗauka, na Jamus kuma 13, amma jikinsu duk milimita 8 ne. Jikin ake aunawa da baniya, ma'aunin kaurin nan mai baki biyu. Tazara kuwa akwai ma'auninta, wasu 'yan faifai masu haƙora kamar mashaci, kowane da lambarsa, kana ɗorawa a kan bol har ka samu wanda ya zauna daram ba haske a tsakani. In babu, ɗauko bol ɗin da ka tabbatar da awonsa, ka haɗa su jiki da jiki ka ɗaga sama wajen haske. In haƙoran sun shige cikin juna tun daga sama har ƙasa, tazararsu ɗaya.

Akwai kuma tiredin inci, wanda har yanzu bai bar mu ba. Wani injiniyan Ingila mai suna Joseph Whitworth ne ya fara tsara awo ɗaya na tiredi a 1841, da haƙori mai kusurwar digiri 55, kuma shi za ka tarar a tsofaffin injinan niƙa na Lister da tsofaffin Land Rover. Amurka ta bi nata tsarin mai digiri 60, daga baya a 1949 ita da Ingila da Kanada suka yarda da tsari guda, wanda ake rubutawa UNC in manyan haƙora ne, UNF in ƙanana ne. Shi ne a jikin Caterpillar da Mack da tsofaffin taraktocin Massey Ferguson. A tsarin inci ba tazara ake faɗa ba, yawan haƙoran da ke cikin inci ɗaya ake ƙirgawa: 3/8-16 na nufin haƙora 16. Wannan ɗin ma yana yaudara ƙwarai, domin ya yi kama da M10 × 1.5, kamar yadda 5/16-18 ya yi kama da M8. In aka kawo maka kayan injin niƙa ko na tarakta, kada ka yi saurin ɗauko taf na milimita.

Sai girman ramin

Taf ba ya huda rami, haƙora kawai yake yankawa a bangon ramin da aka riga aka huda. In ramin ya yi ƙanƙanta, taf zai cije ya karye. In ya yi faɗi, haƙoran za su fito gajeru, bol ya kama yau ya saki gobe. Lissafin a tsarin milimita mai sauƙi ne: cire tazara daga kauri, abin da ya rage, ko lambar da ta fi kusa da shi, shi ne bakin diril ɗin da za ka yi amfani da shi.

M4 × 0.7 yana son 3.3
M5 × 0.8 yana son 4.2
M6 × 1 yana son 5
M8 × 1.25 yana son 6.8
M10 × 1.5 yana son 8.5
M10 × 1.25 yana son 8.8
M12 × 1.75 yana son 10.2
M16 × 2 yana son 14

Matsalar ita ce akwatin bakin diril da aka fi sayarwa rabi-rabi yake tafiya, 6, 6.5, 7, babu 6.8 a ciki. Sai mutum ya ce bari ya sa 6.5, ai ya fi kamawa. Ni dai in babu 6.8 kuma ƙarfe ne mai tauri, 7 nake sawa. Ƙarfin da haƙori zai rasa kaɗan ne, wahalar da ka rage wa taf kuwa mai yawa ce. Wanda ya fi duka shi ne ka sayi waɗannan lambobi ɗai-ɗai, 3.3 da 4.2 da 6.8 da 10.2, ka ɗaure kowanne da taf ɗinsa a leda ɗaya. Masu kayan aiki a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna kan ajiye su in ka tambaya da lamba.

Zurfi ma da ƙa'idarsa. A baƙin ƙarfe, tiredi mai zurfin kaurin bol ya wadatar, wato milimita 8 ga M8. A ƙarfen zubi ka ba shi ɗaya da rabi, a alminiyam kuwa ninki biyu, saboda laushinsa. In ramin mai gindi ne, ƙara zurfin huda da wasu milimita fiye da inda tiredi zai tsaya, domin ɓarɓashi ya samu wurin zama. Ɗaura ɗan salatif a jikin bakin diril a daidai zurfin da kake so, musamman in jikin inji kake hudawa, inda in ka zarce za ka iya faɗawa hanyar ruwa ko ta mai.

Taf na hannu, 'yan uku

Taf na hannu a uku-uku yake zuwa, kuma bambancinsu a baki yake. Na ɗaya bakinsa a fiƙe yake sosai, haƙora wajen takwas zuwa goma na farko an zaftare su. Shi ke fara aiki, domin yana shiga rami ya zauna, ya kama hanya a hankali. Na biyu haƙora uku zuwa biyar aka zaftare masa. Na uku ɗaya ne ko biyu kacal, bakinsa kusan a datse, aikinsa ya kai tiredi har gindin rami.

In ramin ya ɓulle, na ɗaya kaɗai yana iya gama aikin, muddin ka bar shi ya wuce har fiƙaƙƙen bakin ya fita ta baya. In ramin mai gindi ne, dole ka bi su bi da bi. Na ɗaya zai taɓa ƙasa tun bai yanka cikakken haƙori a can ciki ba, na biyu ya ƙara, na uku ya ƙarasa. Kada ka fara da na uku. Ba shi da bakin da zai kama hanya, zai shiga a karkace, kuma duk nauyin yanka a kan haƙora biyu zai sauka.

Amma fa 'yan ukun nan iri biyu ne a kasuwa, kuma mai sayarwa ba lallai ya gaya maka ba. Duba wuyansu. In ka ga ɗaya da zobe guda a zane, ɗaya da zobe biyu, na ukun babu zobe, to waɗannan ba a baki kaɗai suka bambanta ba, har a kauri. Mai zobe ɗaya ɗan kaɗan yake yankawa, mai biyu ya ƙara, marar zobe ne kaɗai ke kai haƙori cikakken awonsa. Irin wannan ko ramin ya ɓulle sai ka bi duka ukun, in ba haka ba bol zai ƙi shiga, ka yi ta zargin bol ɗin. Ni na fi son su a ƙarfe mai tauri, don sun raba wahalar gida uku.

Taf na inji da sauran danginsa

Masu injin huda na tsaye da masu injin sassaƙa ƙarfe ba su da lokacin 'yan uku. Taf ɗaya suke sawa ya gama, kuma a nan tambayar rami ya ɓulle ko bai ɓulle ba ta fi nauyi.

Akwai mai miƙaƙƙen kwari wanda aka ɗan karkata masa kaifi a baki. Wannan gaba yake tura ɓarɓashi, ya fita ta ƙasan rami. Yana da ƙarfi, yana da sauri, ba ya buƙatar a riƙa komawa baya, kuma ko da hannu yana da daɗin aiki. Na ramin da ya ɓulle ne. In ka sa shi a mai gindi, zai tara ɓarɓashin a ƙasa ya danne, ya zo ya hau kai ya tsaya cak.

Akwai mai murɗaɗɗen kwari kamar bakin diril. Shi kuma sama yake jawo ɓarɓashi, ka gan shi yana fitowa zare-zare daga bakin rami. Shi ne na rami mai gindi, kuma yana kyau a alminiyam da ƙarfen da ba ya tsatsa. Sai dai murɗin ya rage masa nama a jiki, bai kai na farkon juriya ba, saboda haka ba ya son a karkata shi ko kaɗan.

Akwai wani kuma da ba shi da kaifi sam. Ba ya yanka, matsa ƙarfen yake yi har ya tashi ya zama haƙori, kamar yadda magini ke tayar da bakin tukunya da yatsa. Ba ya fitar da ɓarɓashi, haƙorinsa kuma yana da ƙarfi. A ƙarfe mai laushi kawai yake aiki, irin alminiyam da jan ƙarfe da baƙin ƙarfe marar tauri, ba ya yi a ƙarfen zubi. Raminsa ya fi faɗi: M6 wajen 5.5 yake so, ba 5 ba, M8 kuma 7.4. Yakan faɗo cikin kayan gwanjo, mutum ya ɗauka taf ne da ya dakushe, ya sa shi a ramin lissafin da muka yi a sama, ya karya.

Taf na fayif dabam ne, kuma awonsa yana rikita sabon shiga, domin lambar ba kaurin tiredin take faɗa ba. Na rabin inci kaurinsa ya kusa milimita 21, raminsa kuma 19. A kayan famfo na wurinmu tsarin Ingila ne ya fi yawa, wanda ake rubutawa BSP, mai digiri 55. Na Amurka NPT ne, mai digiri 60, ana samunsa a wasu kwamfireso da kayan haidirolik. A kwata inci, BSP haƙora 19 ne, NPT 18, don haka ba sa auren juna ko an naɗa musu farin tef. Wasu taf ɗin fayif jikinsu a tsuke yake daga baki yana faɗi zuwa sama, domin haɗin ya toshe kansa kada ya yi yoyo. Irin wannan ba a kai shi ƙarshe. Ka yanka kaɗan, ka fitar, ka gwada kan fayif ɗin. In ya shiga zagaye uku ko huɗu da hannu sannan ya cije, ya isa. In ka zarce, ramin ya buɗe ke nan, ba gyara.

Sai na hagu, mai alamar LH, wanda ake ɗaurewa ta inda aka saba kwancewa. Fedar keke ta hagu haka take, da notin da ke riƙe fiffiken fanka ta tsaye, da notin tayar gefen hagu a wasu manyan motocin Japan, da haɗin tukunyar gas ɗin asitilin ta masu walda. Kafin ka ce tiredi ya lalace, duba ko na hagu ne.

Game da ƙarfen da aka yi taf ɗin da shi, nemi mai rubutun HSS, alamar ƙarfen yanka mai tauri. Na araha marar rubutu yana iya share tsohon tiredi mai datti, amma in ka ce zai yanka sabo a baƙin ƙarfe, ba zai daɗe ba. Mai rubutun HSS-E ko HSS-Co an gauraya masa kobal, shi ne na ƙarfen da ba ya tsatsa. Launin ruwan gwal da ake gani a jikin wasu shafe ne da ke rage gogayya, amma launi kaɗai ba shaida ba ce, na ga masu ƙyalli da yawa da suka dakushe a rami na biyu.

Yankan kansa

Ɗaure kayan a bais, matsen nan na kan teburin aiki, ya zauna ƙam, fuskar da za a huda tana kallon sama. Buga fonci a tsakiya don kada bakin diril ya yi yawo. In ramin babba ne, fara da ƙaramin baki sannan ka bi da na awo. Huda a miƙe, domin taf bin rami yake, ba ya gyara karkatarsa.

Bayan huda, ɗauki bakin diril da ya fi ramin girma ka ɗan share bakin ramin da hannu, juyi biyu ko uku, ya yi ɗan gangare. Wannan ƙaramin abu yana sa taf ya zauna a tsakiya, yana kuma hana haƙorin farko tashi sama. Busa ramin ya fita tas.

Sa taf a mariƙinsa. Mariƙi mai hannu biyu ake so, wanda girmansa ya dace da taf ɗin, ƙanana kuma irin M3 zuwa M6 mariƙi mai siffar T ya fi. Kada ka kama taf da sufana ko filaya. Hannu ɗaya ke ja a nan, ƙarfin gefe guda yake zuwa, taf kuwa an ƙona shi ya yi tauri kamar gilashi, yana jure murɗi amma ba ya jure lanƙwasa.

Shafa mai. A baƙin ƙarfe man yanka ya fi, in babu shi sabon man inji ya fi babu. A alminiyam kananzir ne maganin, yana hana ƙarfen manne wa haƙoran taf. Ƙarfen zubi a bushe ake yanka shi, don ɓarɓashinsa gari ne, in ya haɗu da mai sai ya zama taɓo ya cushe kwari.

Ɗora taf na ɗaya a bakin rami, tafin hannunka a tsakiyar mariƙi, ka danna kaɗan kana juyawa dama. Da ya kama zagaye ɗaya da rabi ko biyu, tsaya. Wannan tsayawar ita ce rabin aikin. Cire mariƙin in yana tare maka gani, ɗora sukwaya, ma'aunin miƙewa mai siffar L, a gefen taf, duba ta gaba, ka zagaya ka duba ta gefe. In ya karkata, yanzu ne kaɗai za ka iya gyarawa, ta hanyar ɗan jingina shi ɓangaren da ya dace yayin da kake juyawa. Bayan zagaye huɗu ya riga ya zaɓi hanyarsa, in ka ce za ka dawo da shi, a hannunka zai rabu biyu. Wata dabara: huda rami daidai kaurin taf a wani guntun ƙarfe ko katako mai kauri, ka ɗora a kan aikin ya zame masa jagora. Mai injin huda na tsaye kuma yana iya ɗaure taf a bakin injin, ba tare da ya kunna ba, ya juya da hannu har ya kama.

Da ya kama hanya, daina dannawa, haƙoran ne za su riƙa jan sa ciki. Juya rabin zagaye gaba, ka dawo kwata baya. A dawowar za ka ji wani ɗan ƙas a hannunka, ɓarɓashin ne ya karye. Haka za ka yi ta yi. In ramin mai gindi ne, bayan kowane zagaye uku ko huɗu fitar da taf gaba ɗaya, goge kwarinsa da buroshi, juya kayan ka kaɗe ko ka busa, ƙara mai, ka mayar. In da iskar kwamfireso za ka busa, kawar da fuskarka, ɓarɓashin ido yake nema.

Hannunka ne zai gaya maka komai. Taf mai yanka lafiya nauyinsa ɗaya ne daga zagaye zuwa zagaye. In ka ji nauyin ya ƙaru farat ɗaya, ko ka ji mariƙi yana juyawa amma yana ɗan dawowa kamar roba, jikin taf ɗin ne ke murɗewa, bakinsa a tsaye yake. Ko ya cushe, ko ya taɓa ƙasa. Koma baya nan take.

Wannan darasin a jikin injin babur na koye shi, ina yaron shago. An kawo mai ramin M6 da ya cushe da tsohon gam, Oga ya ce in bi shi da taf kafin ya dawo daga masallaci. Na sa na ɗaya, yana tafiya sumul, alminiyam ne, kamar ana yanka sabulu. Da ya taɓa gindi na ji ya yi nauyi, sai na ce bari in ƙara masa kwata ɗaya don bol ya shige sosai. Ƙarar ba ta fi ta karyewar tsinken ashana ba. Na duba, mariƙi da rabin taf a hannuna, sauran rabin ya karye daidai da fuskar ƙarfen, ko abin kamawa babu. Da Oga ya dawo ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya ce, "Kai, da ka ji ya tsaya, wa ka tambaya kafin ka ƙara?" Na ce, "Oga, na ɗauka datti ne." Ya ce, "To ga datti nan ka samu." Tun ranar, kafin in sa taf a rami mai gindi sai na zura tsinke na auna zurfin, na ɗaura salatif a jikin taf ɗin.

In ka gama, fitar da taf a hankali kana tallafe da shi, kada ya ɓata haƙorin farko a fitowa. Wanke ramin, ka gwada bol da yatsu. Ya kamata ya shige har ƙasa ba tare da sufana ba, kuma ba ya girgiɗi.

In tsohon tiredi ne ya cinye

In haƙoran sun ɗan tauye ne ko sun yi tsatsa, taf na biyu da mai ya isa ya share su, amma fara shi da yatsu don ya bi tsohuwar hanya, kada ya buɗe sabuwa a kanta. In kuwa sun tafi gaba ɗaya, mayar da taf mai awo ɗaya aikin banza ne, babu naman da zai yanka. Ko dai ka faɗaɗa zuwa awo na gaba, M6 ya koma M8 in akwai nama a gefe, ko ka sa zoben waya irin na Helicoil, wanda ke dawo da ramin awonsa na asali. Zoben yana zuwa da nasa bakin diril da nasa taf mai alamar STI, wanda ya fi na kullum kauri. Taf na kullum ba ya yi masa.

Ramin fulogi shi ya fi zuwa da wannan ciwo, saboda ana ɗaure shi da zafi a kan alminiyam. Awonsa M14 × 1.25 ne a yawancin tsofaffin motoci, M12 × 1.25 ko M10 × 1 a babura. Abin da ya fi shi ne a sauke kan injin. In ba hali, cika kwarin taf da giris don ɓarɓashi ya manne a jiki, ka riƙa fitarwa kana gogewa kana sake shafawa bayan kowane zagaye biyu, kada ya zuba kan fistin.

In ya karye a ciki

Kada ka ɗauko diril. Bakin diril na kullum bai fi taf tauri ba, zai zame ya ci gefen ramin ya bar taf ɗin yana nan. In guntun ya leƙo waje, zuba mai, ka kama da filaya mai kullewa, ka motsa shi gaba da baya kaɗan-kaɗan kafin ka juya hagu. In ya karye daidai fuska, akwai abin cirewa mai 'yan yatsun ƙarfe da ke shiga cikin kwarin, yana aiki in taf ɗin bai cije sosai ba. In babba ne, daga M8 zuwa sama, mai walda da hannunsa ya faɗa yana iya ɗora noti a kai ya cika tsakiyarsa da wuta, a bari ya huce, a kwance da sufana. A baƙin ƙarfe mai kauri wasu kan farfasa guntun da fonci su tsince shi, sai dai tiredin yakan tafi tare da shi, a koma ga zoben waya.

Na injin babur ɗin nan kuwa da alif Oga ya cire shi, alif ɗin da ake sa wa ruwa ya kwanta. Ruwan alif mai zafi yana cin baƙin ƙarfe, amma bai damu da alminiyam ko jan ƙarfe ba. Ana narka shi a ruwan zafi har ya ƙi narkewa, a tsoma wurin a ciki, a bar shi a kan wuta marar ƙarfi. Tukunyar ta zama ta alminiyam, ba ta baƙin ƙarfe ba, kuma a cire duk wani bol ko boris da ke jikin kayan tukuna, don su ma zai ci su. Za ka ga ƙananan kumfa suna tasowa daga ramin, alamar yana aiki. Lokaci-lokaci a sa tsinke a ƙwaƙule baƙin da ya taru, a ƙara ruwa in ya ƙone. Ba ya sauri. Namu sai da ya kwana biyu, ni ne mai hura gawayi, a rana ta uku guntun ya yi sako-sako har ya fito a bakin tsinke, haƙoran alminiyam ɗin kuma ko ƙwarzane babu. In kayan baƙin ƙarfe ne ko na zubi, wannan hanya ba ta yi, don ruwan zai ci kayan tare da taf ɗin.